Medieval II: Total War a waya: sharhin wanda ya fara da zuba kuɗi a kan dawakai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Lamiɗo a Garwa, a arewacin Kamaru, ranar Sallah, ya ga mahaya sun saki linzami har ƙasa na girgiza, ba zai yi mamakin kuskuren da na fara yi a wannan wasa ba. Da aka ba ni kuɗi in haɗa runduna, sai na ƙarar da su a kan barade masu sulke da kwalkwali, na ɗauka yaƙi ya ƙare tun kafin a buga tambari. Cikin minti biyar 'yan mashi marasa takalmin kirki suka shimfiɗe su.

Kamfanin Creative Assembly ne ya ƙirƙiri wasan, ya fito a kwamfuta a 2006, sannan Feral Interactive ya kawo shi wayoyin hannu a 2022. Labarinsa yana farawa a shekarar 1080 ya ƙare a 1530, kuma kashi biyu ne: akwai taswira inda ake gina garuruwa, a karɓi haraji, a aika jakadu da fatake, akwai kuma fagen daga inda mutum ke jan ragamar dakarunsa da yatsa. Sau ɗaya ake sayensa, ba a tsayar da kai da tallace-tallace ana tsakiyar gumurzu, kuma wannan kaɗai ya bambanta shi da yawancin wasannin yaƙi da matasanmu ke saukewa.

Daɗin wasan yana cikin zaɓen runduna, domin gurbi ashirin kacal ake ba kowace runduna, sarkin yaƙi ya riga ya cinye ɗaya, sauran sha taran kuwa kowane rukuni da aka saka ya hana wani shiga. Ba kuɗin ɗauka kaɗai ake biya ba, akwai kuɗin ciyarwa da ake cirewa a kowane zagaye, don haka rundunar manyan barade da ke zaune ba aiki tana iya talauta daula fiye da abokin gaba. Bayan na sha kashi sau da yawa ina jan ragamar daular Masar, abin da na tsaya a kai shi ne 'yan mashi shida a tsakiya, 'yan baka huɗu a bayansu, masu gatari biyu a ajiye don toshe ɓaraka, maharba bisa doki uku, baraden Masar masu sulke da ake kira Mamluk uku, da rukuni guda na masu jifa da tukwanen wuta, waɗanda kan rikita layin da ya fi su yawa. Aikin 'yan mashi ba kisa ba ne. Nasu shi ne su riƙe abokin gaba a wuri ɗaya, ya shagala da su, har barade su zagaya su faɗo masa ta baya. Kuma sukuwar tana da ƙa'ida: sai an ba dawakai tazara sun daidaita sahu sun sunkuyar da masu, in sun buga a janye su a sake jerawa, domin barde da ya tsaya cikin cunkoso bai fi mai tafiya a ƙasa daraja ba.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu, na miƙa wa ɗan yayata wayar na ce ya gwada da Ingila. Ya jera 'yan bakansa a kan tudu, ya sa suka kafa turaku masu tsini a gabansu, ya naɗe hannu. Na ce masa ya motsa mana. Ya ce, "Kawu, ka bar su su hawo, gajiya za ta yi mini rabin aikin." Haka kuwa aka yi: dawakin Faransa suka iso tudun suna haki, na gaba suka soke kansu a turakun, na baya suka juya. Yaron bai taɓa jin labarin yaƙin Agincourt na 1415 ba, inda 'yan bakan Ingila suka ci Faransa, wanda ma yana cikin tsofaffin yaƙe-yaƙen da wasan ya tanada, amma dabarar ranar ya maimaita.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wasan ya ɗauki zuciyar soja da muhimmanci. Ba sai an kashe kowa ake cin nasara ba. Rukunin da ya ga an kewaye shi, ko ya ga maƙwabtansa na gudu, ko ya ji sarkin yaƙi ya faɗi, sai tutarsa ta yi fari ya watse, gudun kuma ya yaɗu kamar wutar daji a rani. Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne, don a Kusiri, ranar 22 ga Afrilun 1900, Rabe ya faɗi, daular da ya kafa bayan ya ci Barno a 1893 ba ta daɗe a bayansa ba. Raƙuma ma an ba su haƙƙinsu: dawakai na tsoronsu, saboda haka Buzaye masu mashi na rundunar Magarib suna da amfani fiye da abin da farashinsu ke nunawa, kuma zafin hamada yana gajiyar da mai sulke mai nauyi da sauri.

Akwai inda wasan ya gaza. Kwamfutar da ke jan rundunar abokin gaba ba ta da zurfin dabara, mai haƙuri zai gane halinta cikin makonni kaɗan, ya riƙa yi mata tarko iri ɗaya tana faɗawa. A yaƙin ganuwa kuma dakaru kan cushe a ƙofa ko a lungu, umarni ya yi ta ɓacewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne taswirar: ta sauko har Tumbuktu, inda fatake ke neman zinariya, amma babu Kanem, babu Barno, alhali zamanin da ake magana shi ne zamanin ƙarfinsu a gewayen Tafkin Chadi. Da an sa su, da mun ga 'yan lifida a fagen daga.

Mai son saye ya duba wayarsa tukuna, domin wasan yana cin wuri sosai kuma yana shan batir, a zafin watan Afrilu na Garwa kuwa waya kan ɗau zafi kafin a gama yaƙi biyu. Allo mai faɗi ya fi, don yatsa kan taɓa rukunin da ba shi ake nufi ba. Maɓallin dakatarwa shi ne maganin wannan: a tsayar da yaƙin, a raba umarni ɗaya bayan ɗaya, sannan a sake shi. Ga sabon shiga, shawarata ita ce ya bar taswira tukuna, ya shiga yaƙin gwaji da ƙaramin kuɗi, ya hana kansa sayen barade fiye da rukuni biyu har sai ya iya riƙe layi da 'yan mashi.