Ruwa ko Kankana a Zafin Bazara?

Tun da zafin Afrilu ya shigo ake ta tambayata: ruwa ya fi ko kankana?

Wajen kuɗi babu gasa, ruwan randa kusan kyauta ne, kankana kuwa sai an taya. Amma kusan kashi 92 cikin ɗari nata ruwa ne, ga zaƙi, ga sinadarin fotasiyam da gumi ke fitarwa. Wadda aka yanka aka bari a tire cikin rana, ƙuda na binta, ita kam ban yarda da ita ba. Ruwan ma sai mai tsabta.

Ɗan acaɓa da manomi, gorar ruwa ce tasu. Kankana ta fi dacewa da mai buɗa-baki, da tsofaffi da yaran da sai an matsa musu suke shan ruwa.