Gargaɗi: dala 2,350 ya ci mini da sunan zai kai kyanwoyina Ingila

Jama'a, yau kwanana goma sha ɗaya da sauka Ingila, kuma kyanwoyina biyu ba sa tare da ni. Dala 2,350 na tura wa wani mutum da ya ce shi ejan ne na jigilar dabbobi ta jirgin sama. Dala dubu biyu da ɗari uku da hamsin, ga wanda ko ƙofar gidanmu bai taɓa takowa ba. Na rubuta wannan na goge ya fi sau biyar saboda kunya. Yau dai na ce duk abin da za a faɗa a faɗa, domin jiya a zauren intanet na masu ƙaura da na same shi na ga wata baiwar Allah tana neman wanda zai taimaka mata ta tafi da magenta, sai ga amsar da aka ba ni an ba ta, kalma da kalma, da wani suna daban.

Kafin wani ya ce mini "kyanwa ce fa", na ji wannan har kunnena ya gaji. Gimbiya shekararta bakwai a hannuna. Auta kuwa da sirinji na shayar da ita tun idonta bai buɗe ba. Wanda bai taɓa riƙe dabba ba ba zai gane ba, kuma ba don shi na rubuta ba.

Likitan dabbobinmu ya gaya mini gaskiya tun ranar farko, wannan ba zan ɓoye ba. Lokacin da bizar aikina ta fito, mako shida ya rage in tashi. Ya saka musu ƙwayar shaidar nan ta lantarki a ƙarƙashin fata, mai lamba 15, sannan ya yi musu allurar ciwon haukan kare, ya ce dole ƙwayar ta riga allurar. Sai ya juya katin allurar ya yi mini lissafi da biro a baya. Ƙasar da nake a lokacin ba ta cikin jerin waɗanda Birtaniya ta sassauta wa, saboda haka sai an jira kwana 30 bayan allura a ɗebi jini, a aika ɗakin gwajin da aka amince da shi, sakamakon ya nuna ƙarfin rigakafin a jini ya kai aƙalla 0.5, sannan a ƙirga wata 3 daga ranar da aka ɗebi jinin. Ya ce, "Hajiya, wata huɗu ne mafi ƙaranci, babu yadda za a yi." Ya ƙara da cewa Birtaniya ba ta barin kyanwa ta shigo a ɗakin fasinja kusa da ƙafar mai ita, sai ta sashen kaya da takardunta na kanta. Da kuka na koma gida.

A daren ne na yi tambaya a wani zaure na masu ƙaura. Ba a yi awa ɗaya ba wata ta yi mini magana ta gefe, ta ce ita ma karnukanta biyu wannan kamfani ya kai mata, ga lambar mutumin. Yanzu na san ita ma shi ne, ko abokin cin mushensa.

Ga wurin da ya kama ni, kuma nan ne nake ta komawa dare da rana. Bai fara da maganar kuɗi ba. Wallahi bai fara da kuɗi ba. Sunayensu ya fara tambaya. Ya ce wace ce mai tsoro a cikinsu, na ce Auta, ya ce to in sa mata tsohuwar rigata da ban wanke ba a cikin kejin don ta riƙa jin ƙamshina. Na tambaye shi ko in ba su maganin barci saboda tafiyar, ya ce kul, kada in kuskura, maganin barci yana sauke hawan jinin dabba a sama, kamfanonin jirgi ma ba sa so. Kuma gaskiya ne! Likita ya faɗa mini haka, kuma na karanta haka a ƙa'idojin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Daga nan ya ce in samo tef ɗin awo in auna kowace: daga hanci zuwa gindin wutsiya, daga ƙasa zuwa ƙarshen kunne tana tsaye, da faɗin kafaɗa, domin dole keji ya ba ta damar tsayawa, ta juya, ta kwanta ba a takure ba. Ƙarfe sha ɗaya na dare ina durƙushe a tsakar ɗaki da tef ɗin ɗinki, ƙanwata ta riƙe Gimbiya tana zillewa, ni ina rubuta lambobi a bayan ambulan ina tura masa. Ya amsa da saƙon murya, a nutse, ya ce, "Madam, kwantar da hankalinki, 'ya'yanki suna hannu mai kyau." 'Ya'yanki ya ce. A daidai wannan kalma na saki jiki. Na sake sauraron saƙon nan ya fi sau talatin ina neman inda muryarsa ta yi rawa, inda ya kamata in gane, ban samu ba.

Ku gaya mini, wane ɗan damfara ne yake hana ki ba kyanwa maganin barci? Wane ɓarawo ne yake tambayar faɗin kafaɗar mage?

Kuma ni ba yarinya ba ce. Ban tura kuɗi ido rufe ba. Na shiga shafinsu na intanet, akwai hotunan motoci da kejuna da ma'aikata cikin riga iri ɗaya, akwai adireshin ofis a kusa da filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan, akwai tambarin IATA, akwai tambarin IPATA, ƙungiyar masu jigilar dabbobin gida. Na karanta yabon mutane a ƙasa. Na nemi takardar yarjejeniya, ya turo mai shafi huɗu da hatimi. Na nemi kiran bidiyo, ya ce yana cikin sashen kaya na filin jirgi, an hana ɗaukar hoto, kuma na ga hakan ya yi daidai da hankali. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban shiga shafin IPATA ɗin kansa na duba jerin mambobinsu ba. Minti biyu zai ɗauke ni. Da na duba daga baya, babu sunansu. Tambarin kwafowa kawai suka yi suka manna.

Maganar wata huɗun kuwa, cewa ya yi akwai izini na musamman ga masu bizar aiki, kamfaninsu yana da lasisin da ke sa a yi gwajin jinin bayan an sauka, kwana biyu a sallame su. Babu wannan izini. Babu shi ko kaɗan. Amma ranar da ya faɗa, abin da zuciyata take son ji ke nan, kuma ya faɗe shi bayan ya riga ya gaya mini gaskiya guda biyar a jere.

Dala 650 na fara turawa, kafin alƙalami, don a kama musu gurbi a jirgi. Sai 480 na keji. A'a, ku dakata, dala 900 ta inshora ce ta riga kejin, domin na tuna ranar da na tura 900 ɗin ce ranar da na sayar da firijina, kejin kuma sai a makon da ya biyo. Ko dai kejin ne ya riga, inshorar ta zo bayan ya turo lambar bibiya? Zan duba rasit ɗin, duk suna nan, zan sa su. Abin da na tabbatar shi ne 650, da 900, da 480, da 320 ta ranar ƙarshe. Ku haɗa ku gani, 2,350.

Dala 900 ɗin ita ta fi ci mini rai, saboda ya rantse za a mayar mini da ita gaba ɗaya da zarar sun sauka lafiya. Inshorar da ake mayarwa, in ji shi. Na ce a raina ai ajiya ce, ba kashewa ba. Kejin kuma wai na musamman ne mai na'urar daidaita zafi da sanyi, saboda cikin jirgi wurin kaya ƙanƙara ne. Sai daga baya na san ɓangaren da ake sa dabbobi a cikin jirgi da ma ana daidaita iskarsa da ɗuminsa, abin da ake bukata keji ne mai ƙarfi, mai kafofin shan iska, da mazubin ruwa da za a iya cikawa daga waje. Dala 480 na biya don kejin da babu shi a duniya.

Kuma kowane biya asusu daban, da sunan mutum, ba sunan kamfani ba. Na lura. Kada wani ya ce ban lura ba, na lura har na tambaya. Ya ce asusun kamfani ana bincikensa na ƙarshen shekara, wannan na akantansu ne. Na yi shiru minti kusan goma da wayar a hannuna, Auta tana kwance a cinyata, sannan na tura.

Lambar bibiyar da ya ba ni tana aiki, amma a shafinsu kaɗai. In na saka sai sunan Gimbiya da Auta su fito, da nauyinsu, da ranar tashi. Har hoton shafin na ɗauka na tura wa Umma don ta daina damuwa.

Ranar Talata aka ce mota za ta zo ta ɗauke su ƙarfe tara na safe, ni kuma jirgina Laraba da dare. Tun asuba na daina ba su abinci kamar yadda ya ce. Na ninke rigar da zan sa wa Auta. Ƙarfe tara babu mota. Ƙarfe goma ya ce direba ya tsaya shan mai. Sha ɗaya da rabi ya kira, muryarsa a tashe, wai ofishin karɓar dabbobi na Heathrow ya ƙi sa hannu sai an biya dala 320 nan da awa ɗaya, in ba haka ba gurbin ya tafi, duk abin da na biya ya tafi da shi. Na tura. Na riga na zuba 2,030, ina zan tsaya a kan 320? Ƙarfe biyu ya ce a ƙara 500 na kwastan. A nan ne jikina ya yi sanyi. Na ce ya turo motar tukuna, in biya direba hannu da hannu. Ya karanta bai amsa ba. Ƙanwata tana tsaye a bakin ƙofa tun safe, ta shigo ta ce, "Yaya, ki ba su abinci, ba wanda zai zo." Kafin magariba hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, matar da ta haɗa mu ita ma ta toshe ni.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin Talatar, ina jin ranar Lahadi ce, na ce masa likita yana son ganin takardar lafiyar da za a shiga da su, wadda dole a ba da ita cikin kwana 10 kafin isa. Ya ce kada in wahalar da kaina, likitansu zai cike komai. Likitan da bai taɓa ganin kyanwoyin ba! Na ji wani abu a ƙirjina a lokacin, na danne.

Da safen Laraba na kira sashen kaya na kamfanin jirgin da ya ce ya kama gurbi a ciki. Matar ta ce in karanto lambar takardar jigila. Na karanto. Ta ce tasu lamba 11 ce, uku na farko na kamfanin jirgi ne, wannan da na karanto mai haruffa ba tasu ba ce, kuma babu wata kyanwa a jirgin ranar. Ta yi mini magana da tausayi, shi ya sa na kasa riƙe kukan.

Banki sun ce ni na tura da hannuna, sun karɓi ƙorafi, za su bincika. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, an rubuta. Ban sa rai ba.

Kuɗin yana mini ciwo, 2,350 ba wasa ba ce ga mai fara sabuwar rayuwa, amma lokacin da ya cinye mini ya fi ciwo. Saboda maganarsa ban kai su ɗiban jini ba da kwana 30 ɗin suka cika. Da na bi lissafin da likita ya yi mini a bayan kati, da yanzu wata ukun ya yi nisa. Sai Litinin da ta wuce ƙanwata ta kai su aka ɗiba, daga ranar aka fara ƙirga. Kuma ƙa'ida ta ce dabba ta iso cikin kwana 5 kafin mai ita ko bayansa, in ba haka ba sai a bi wasu dokoki daban masu wuya, ke nan sai na sake sayen tikiti na koma na taho da su. Wani lokacin kuma in tuna da motar ta zo fa? Da na miƙa su ga mutanen da ban sani ba, da hannuna. Ko da sun iso babu gwajin jini, a killace su har wata 4 a kuɗina. Idan na kai nan a tunani sai in tashi in yi ta zagaya ɗaki.

Wanda zai tafi da dabbarsa: karanta dokar a shafin gwamnatin ƙasar da za ka, ka bi maganar likitanka. Duk wanda ya ce zai gajarta maka kwanakin jira, maƙaryaci ne. Duba sunan kamfani a shafin IPATA, kira kamfanin jirgi ka tabbatar da lamba, kada ka tura kuɗi asusun mutum. In ka ji "inshorar da ake mayarwa" ko "keji mai na'ura", kashe wayar.

Hotunan hirarmu, da rasit huɗu, da takardar yarjejeniyar, da saƙon muryar nan, duk zan sa su a ƙasa yau da dare in na dawo daga aiki, sai na rufe lambobin asusuna da adireshin gidanmu tukuna. Baiwar Allah mai magen nan ta jiya, na yi miki magana ta gefe sau biyu ba ki buɗe ba, don Allah ki buɗe kafin ki tura ko sisi. Ƙanwata ta ce Gimbiya ta fara cin abinci, Auta ce har yanzu take kwana a kan rigar da na ninke mata.