Akwatin ƙarfe na ajiye bindiga: mai makulli biyu ya fi mai lambobi, amma sai an kafe shi da kyau

Duk wanda ɓarayi suka shiga gidansa kuma yana da bindiga mai lasin, tambayar farko da zai sha a ofishin 'yan sanda ita ce: a ina ka ajiye ta? Dokar mallakar makamai ta Najeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta ɗora wa mai lasin alhakin tsare bindigarsa a kowane lokaci. Idan an sace ta ko ta ɓata, yana da kwana 14 daga ranar da ya sani ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin, ya kuma miƙa takardar lasin ɗin. Bindiga mai baki ɗaya ko mai baki biyu lasinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, bindigar toka kuwa daga Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasin ƙananan makamai, don haka wanda ya rasa tasa ta hanyar sakaci kada ya sa rai zai maye gurbinta cikin sauƙi.

Akwatin da wannan sharhi ya shafa shi ne dogon nan mai kama da kabad, mai cin bindiga uku zuwa biyar a tsaye. Tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi, ƙofarsa ɗaya, makullansa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wasu suna zuwa da ƙaramin ɗaki a sama mai makullinsa daban domin harsashi. Nagari daga cikin waɗanda ake shigowa da su suna ɗauke da shaidar ma'aunin Ingila na BS 7558, kuma kaurin ƙarfensu bai gaza milimita 2 ba. Kada a yarda da bakin mai shago a kan kauri. A auna a bakin ramin ƙusa da ke bayan akwatin, nan ne ake ganin ainihin kaurin farantin, domin gefen ƙofa a lanƙwashe yake, yana sa siririn ƙarfe ya yi kamar mai kauri.

Makullan biyu su ne babban abin yabonsa. Ɓarawo da ƙarfen ɓanɓara yana neman kusurwar ƙofa ne ya cusa ya lanƙwasa. Ƙofa mai tsawon mita ɗaya da rabi da makulli ɗaya a tsakiya tana barin kusurwar sama da ta ƙasa a sake, ana iya buɗe su har a zaro bindiga ba tare da an taɓa makullin ba. Da makulli sama da ƙasa, kowace kusurwa tana da abin da ya riƙe ta. A duba kuma maratayin ƙofar: na ciki ya fi, in kuwa a waje yake to a tabbata akwai leɓen ƙarfe da ke shiga bayan firam idan an rufe, yadda ko an yanke maratayin ƙofar ba za ta fita ba.

Mai lambobi da ake dannawa, irin mai araha da ya cika kasuwa, bai dace da wannan aiki ba. A ciki wani ɗan sandan ƙarfe ne da sifirin ke riƙewa, kuma a da yawa daga cikinsu bugu mai ƙarfi a saman akwatin yana sa shi ya yi tsalle na ɗan lokaci, in an murɗa hannun ƙofar a daidai lokacin sai ta buɗe. Batir huɗu yake ci, zafi kan sa su yoyo su cinye wayoyin. Ramin makullin ko-ta-kwana da ke ɓoye ƙarƙashin roba kuwa yawanci shi ne mafi rauni a jikin akwatin gaba ɗaya.

Inda aikin yake lalacewa shi ne wajen kafewa. Akwatin ba shi da nauyin da zai hana mutum biyu su ɗauke shi cak su je su fasa a nitse. Ƙusoshin da ke zuwa cikin kwalinsa, masu buɗewa a cikin rami idan an ɗaure noti, don bango mai tauri aka yi su. Bulonmu na inci 9 da na inci 6 rami ne a ciki, fatarsa ba kauri, ga wasu masu buga bulo da ke rage siminti. Ƙusa tana buɗewa sai bulon ya farfashe, ka ga noti yana ta juyawa bai kama komai ba.

Gyaran hanya biyu ne. Ta farko, birkila ya huda bulon daga saman inda akwatin zai tsaya, ya cika ramukan da kankare, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a bar shi aƙalla mako ɗaya kafin a huda. Ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, a ratsa bangon gaba ɗaya da rodi mai zare na milimita 10 ko 12, a sa farantin ƙarfe a ɗaya gefen, a yi wa notin can walda, a shafe da filasta, sai a ɗaure daga cikin akwatin. A sa ƙusa huɗu a baya, biyu a ƙasa cikin daɓen kankare. Tayil da ɗan simintin da ke ƙarƙashinsa ba su riƙe komai, dole ƙusar ta wuce su ta shiga kankaren.

Bayan akwatin ya manne da bango sarai. In tayil ɗin gindin bango ya tokare shi, a cire wannan yankin, domin tazarar da yatsa zai shiga ta ishi ƙarfen ɓanɓara. A sa shi a lungun ɗaki, gefen makullan ya kusanci ɗayan bangon, ƙarfen ba zai sami filin lilo ba. Ɗakin ya zama na ciki, inda baƙo ko mai gyaran wuta ba zai hango shi ba.

Aibinsa na gaske shi ne danshi. Ba ya shan iska, da damina bindiga kan yi tsatsa a ciki, musamman in bangon na waje ne. A shafa mata mai kaɗan, a fitar da ita daga jakarta kafin a ajiye, a sa ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse laima, a riƙa shanya su suna bushewa. Ba ya kare gobara, kuma injin yankan ƙarfe zai ratsa milimita 2 idan ɓarawo ya sami lokaci da wuta. Shi ya sa ƙofar ɗakin da tagarsa suke buƙatar nasu ƙarfen.

Mai walda na gari zai iya ƙera kwatankwacinsa da farantin milimita 3, ya fi na kanti ƙarfi ma, muddin an ba shi makullai biyu na cikin ƙofa. Kwaɗo a waje almakashin rodi yake jira.

In ɓarayi sun riga sun shiga gidan, a canza makullan ko da akwatin bai nuna alamar taɓawa ba, domin ba a san hannun da ya riƙe makullin ba. Kada a ajiye makullin ƙarƙashin filo ko cikin durowar gefen gado, nan ake fara bincikawa. Lambar da aka buga a jikin bindigar, hotonta da kwafin lasin a adana su a wani wuri daban da akwatin, domin su za a nema ranar kai rahoto.