Gargaɗi: a yi hattara da masu "tarazon kwana uku"

Assalamu alaikum, jama'a. Ni ne ma'ajin kwamitin gyaran masallacin unguwarmu a nan Kano, kuma da hannuna na ƙirga kuɗin da aka ba mutumin da zan ba ku labarinsa. Ba zan kama sunansa ba, don maganar tana gaban hukuma, kuma sunan da ya faɗa mana ma daban yake da wanda ya faɗa wa waɗanda ya cuta kafin mu. Abin da zai amfane ku shi ne ku gane salon damfarar, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba.

Muna cikin shawarar ko tayil za a sa a ƙasan masallacin ko tarazo, wato daɓen siminti da tsakuwar mabul da ake gogewa da inji, sai ga shi. Dattawanmu tarazo suke so. Hujjarsu ita ce barandar tsohuwar firamaren da yawancinmu muka yi: yara nawa suka taka ta, benci nawa aka ja a kanta, amma har yau ko ɓantarewa ba ta yi ba. Ya same mu bayan la'asar, ya gaishe da kowa cikin ladabi, ya buɗe wayarsa yana nuna mana hotunan manyan falo da masallatai, ya ce duk aikinsa ne. Kuɗin da ya yanka bai kai rabin abin da wani ya faɗa mana ba. Ya ce, "Alhaji, aikin Allah ne, ba riba na zo nema ba. Ku ba ni Litinin, in sha Allahu ranar Alhamis ku shimfiɗa darduma." Ya nemi kashi 70 cikin 100 na kuɗin kafin alƙalami, wai zai aika a ɗauko dutse daga Lakwaja. Siminti kuma mu muka saya, buhu 40.

Kuɗin nan karo-karo ne. Akwai tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layi, naira ɗari biyar-biyar take kawo mini duk Juma'a a ƙulle a bakin zani. Ita nake fara tunawa duk lokacin da na kalli wurin.

Ranar Litinin ya zo da yara biyu. Bai sassaƙe tsohon daɓen ba, bai wanke shi ba, shara kawai suka yi. Na tambaye shi ina sandunan da ake raba ƙasan gida-gida da su, ya ce ai wannan tsohon yayi ne, yanzu ba a sawa. Suka kwaɓa siminti da yashi mai yawa, suka shafa siriri, sannan ya riƙa ɗibar tsakuwa mai launi yana barbaɗawa a kai kamar mai barbaɗa yaji a kan tsire, yaransa suna bi suna dannawa da katako. Washegari ya kawo ƙaramar garanda ta hannu, irin ta masu walda, ya goge wurin a bushe. Ƙura ta turnuƙe masallacin har sai da muka kwashe Alƙur'anai daga kanta. Daren Laraba ya ce a kulle ƙofa kada kowa ya shiga. Da asubar Alhamis muka buɗe, ƙasa tana ɗaukar ido, kana ganin fanka a cikinta. Wari kawai ke tashi irin na shagon kafinta, ya ce na man gogewa ne, zai fita. Muka cika masa kuɗinsa, liman ya yi masa addu'a.

Ba a yi wata guda ba ƙyallin ya fara saɓulewa a sahun farko, yana ɗagowa kamar fatar albasa, yana mannewa a bayan tabarma. Tsakuwar ta fara fita ɗaya bayan ɗaya, ladan yana share ta da tsintsiya kullum. Aka goge wurin da ruwa, tsumman ya koma kore. Tsaga ta taso daga bakin ƙofa ta nufi gaban liman. Lambarsa kuwa a kashe. Daga baya wani maƙwabci ya ce ya ga kurkura tana lodin siminti a ƙofar masallaci daren Litinin, ya ɗauka mu muka sa.

Wani dattijo aka nuna mana, wanda ya koyi sana'ar tun shekarun 1970, lokacin da kusan duk ginin gwamnati, asibiti ne ko makaranta ko ofis, tarazo ake yi masa. Ya zo da sandarsa, ya cire takalmi, ya tsuguna. Makullin gidansa ya ciro ya ƙwanƙwasa ƙasan. Ƙarar ta fito kamar an buga ƙwarya a kife. Ya matsa gaba ya sake bugawa, haka. Ya sa farce ya kankare ƙyallin, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan banish ne na katako. Tarazo ba a shafa masa ƙyalli. Daga cikin dutsen yake fitowa." Da ya ɓalle wani gefe ya duba kaurinsa, ya ce ko rabin simintinmu bai shiga ƙasan nan ba.

Na ce, "Baba, to yaya na gaskiyar yake?" Ya zauna a kan dakali ya yi mini bayani, ni kuma na bi diddigin wasu abubuwan daga baya. Ga shi yadda na fahimta, domin wanda ya san yadda ake aikin ba za a yi masa abin da aka yi mana ba.

Ana farawa ne daga ƙasa. Dole daɓen da za a ɗora a kai ya zama mai ƙarfi, a sassaƙe shi ya yi kaushi, a wanke ƙura da maiƙo, a jiƙa shi, a shafa ruwan siminti domin sabo ya kama tsoho. Ƙarar ƙwaryar da muka ji alama ce ta cewa saman bai kama ƙasan ba, iska ce a tsakani. Bayan nan sai a kafa sandunan rabawa, na gilashi ko na baƙar roba ko na tagulla ga mai hali, a daidaita su da lebul, a raba ɗakin gida-gida, kowane gida kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da ɗan wani abu. Mutane suna ɗauka ado ne kawai. Siminti yana tsukewa idan yana bushewa, kuma yana motsi da zafi da sanyi. Sandunan su ke sa motsin ya tsaya a kan layi maimakon ya tsaga tsakiyar ɗaki. Duk wanda ya ce maka an daina sa su a tarazon siminti, ko bai san aikin ba ko yana son ya cinye kuɗinsu.

Sai kwaɓin. A nan ne cutar ta fi yawa. A tarazo na gaskiya tsakuwar mabul a cikin kwaɓin take, ba a kansa ba. Ana haɗa siminti kashi ɗaya da tsakuwa wajen kashi biyu, ba a sa yashi a wannan saman, a zuba shi da kauri kamar rabin inci, wato milimita 12 zuwa 15. Ana iya ƙara barbaɗa tsakuwa a sama don ta cika, amma ƙari ne a kan wadda ke ciki, sannan a bi da rola mai nauyi a danne har ruwan siminti ya taso, a shafe da cokali. Idan an gama gogewa, ya kamata wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ido ke gani ya zama dutse ne. Shi ya sa tsohon tarazo ko ya cinye da tafiya, wani dutsen ne ke fitowa daga ƙasa. Namu kuwa da tsakuwar sama ta fita sai yashi. Launi ma garin kala ne na musamman da ake haɗawa da siminti tun yana bushe, galibi farin siminti idan ana son launin ya fito sosai. Mutuminmu fenti ya zuba, shi ne ya biyo tsumma.

Dutsen kansa akwai shi a ƙasar nan. Ana haƙo mabul a Jakura kusa da Lakwaja a jihar Kogi, da Igbeti a jihar Oyo, da Okpella a jihar Edo. Mabul dutse ne mai taushi, shi ya sa yake goguwa daidai da simintin da ke riƙe da shi. Baba ya nuna mini gwaji mai sauƙi: ɗauki ƙwaya ɗaya ka karce ta da wuƙa. Idan mabul ce za ta yi zane, farin gari ya fito. Tsakuwar kankare wuƙa ba ta kama ta. Ka kuma fasa ƙwayar ka duba cikinta, launin waje da na ciki su zama ɗaya. Cikin abin da aka zuba mana mun sami tsakuwar titi da aka rina.

Abin da ya fi komai tona asirin mai "kwana uku" shi ne jira. Bayan an zuba, sai an yi kwanaki ana shayar da wurin ruwa, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko leda, wajen mako guda, kafin inji ya hau. Lokacin hunturu ma abin ya fi tsanani, don iskar tana shanye ruwan kafin siminti ya yi ƙarfi. Idan aka goge da wuri, dutsen injin tumɓuke tsakuwar yake yi maimakon ya yanke ta. Gogewar kuma da ruwa ake yin ta, da babban injin da ake turawa a tsaye, kuma ba sau ɗaya ba. Ana farawa da dutse mai kaushi, kamar lamba 24 ko 36, har fuskar tsakuwar ta bayyana. A wanke, sai ka ga ƙananan ramuka kamar na allura. A cike su da ruwan siminti mai launi iri ɗaya, a sake barin sa kwanaki yana shan ruwa. Sannan a dawo da dutse mai laushi, lamba 80, a bi da 120 ko sama. Gefen bango da kusurwa da matakala, inda inji ba ya shiga, da hannu ake bi, mutum a durƙushe da dutse da bokitin ruwa. Sai a ƙarshe a sa abin toshe ƙofofin dutsen ko kakin gogewa. Baba ya ce masallaci kamar namu, in an ce mako biyu zuwa uku, an yi gaskiya.

Hannunsa na kalla yana maganar. Tafin duk ya yi kanta, yatsun sun lanƙwashe, farcen babban yatsa ya cinye rabi. Ya ce cikin yaran da ya koya wa aikin saura biyu ke yi, sauran sun koma tayil tun da jama'a suka juya can. Wannan giɓin ne 'yan damfara suka samu. Yau mai shekara talatin zai iya gane tayil mai kyau da marar kyau, amma bai taɓa tsayawa ya ga ana zuba tarazo ba, don haka duk abin da ya yi ɗigo-ɗigo yana ƙyalli sai ya karɓa. Ni ma ban taɓa gani ba sai yanzu. Kuma abin yana ba ni takaici, domin sana'a ce mai asali. Magina ne a yankin birnin Benis na ƙasar Italiya suka fara ta fiye da shekara 400 da suka wuce, suna tattara ɓarɓashin mabul da ya rage daga gidajen masu kuɗi suna daɓe dandamalin gidajensu da shi, suna gogewa da dutse mai doguwar ƙota. Sai a shekarun 1920 injin gogewa na lantarki da sandunan rabawa suka yaɗu a Amurka. Aikin talaka ne mai haƙuri tun farkonsa, shi ne wani ya mayar hanyar cin amanar masallaci.

Akwai kuma 'yan uwansu, masu yawo suna cewa suna "wanke tarazo". Duk mai tsohon tarazo a gida ya kula. Asid suke zubawa, wurin ya yi kumfa ya yi fari nan take, mai gida ya ji daɗi ya biya. Kumfar nan dutsen ne ke narkewa, domin asid yana cin mabul da siminti duka. Bayan kwanaki sai ƙasan ya yi kaushi ya riƙa kama datti fiye da da. Ko ruwan wanke masai mai ƙarfi kada a bari ya taɓa shi. Tsohon tarazo da ya dushe injin gogewa yake buƙata, ya dawo sabo.

Don haka duk wanda zai ba da irin wannan aiki, kada hoton waya ya ishe shi. Ka ce a kai ka wurin da ya yi aiki aƙalla shekara biyu da suka wuce, ka ga mai wurin ido da ido, ka ƙwanƙwasa ƙasan da makulli. Ka ce ya nuna maka injinsa, ko inda zai ɗauko haya. Ka sa ya fara yin gida ɗaya na gwaji a gabanka, ka ga kwaɓin a cikin kwanon sarki da idonka. Kayan aiki ku je ku saya tare, su kwana a hannunka, a riƙa ƙirga buhunan da aka buɗe kowace rana. Kuɗi a biya mataki-mataki, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a san gidansa da mai tsaya masa, kuma kaso mai tsoka ya tsaya sai bayan gogewar ƙarshe. Idan ya ce a kulle ƙofa zai yi wani aiki da dare shi kaɗai, kada a yarda. Araha ba ta ado, mu mun gani a ƙasan masallacinmu.

Mun sami labarin masallaci ɗaya da wata Islamiyya da aka yi wa irin wannan, kuma kwamitocin masallatai da makarantu ya fi nema, don ya san kuɗin jama'a ne kuma ana gaggawar a gama kafin Juma'a ko kafin azumi. Don Allah duk wanda ke cikin irin wannan kwamiti ya karanta wa 'yan uwansa wannan saƙo. Mu dai an fara fasa namu da diga tun shekaranjiya, muna sallah a haraba a kan tabarmi. Baba ya ce ranar Asabar zai zo da yaransa biyu su kafa sanduna.