Gargaɗi ga masu sarin atamfa da leshi ta WhatsApp

Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwana mata masu sarin kaya ta waya, domin wani mutum da ke kiran kansa ɗan kasuwar Kantin Kwari ya cinye mini naira 1,850,000, kuma har yau shafinsa na Facebook yana nan yana ɗora hotunan atamfa kamar bai taɓa cutar kowa ba. Fiye da rabin wannan naira 1,850,000 kuɗin adashi ne da na kwasa, ragowar kuma ta wasu mata ce da suka ba ni amana in haɗa musu lefen 'ya'yansu maza.

Masu cewa gaggawa na yi su fara duba yadda kasuwanci ya koma. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira a ƙarshen 2022, aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, hatta mai ƙosai da mai shayi tiransifa suke karɓa. Mu da ke Gombe mun daina hawa mota zuwa Kano saboda turmi ashirin ko talatin. A WhatsApp ake turo hoto, ki zaɓa, ki tura kuɗi, a kai kayanki tasha, direba ya kira ki idan ya iso. Haka matan da suka fi ni jari suke yi, kuma haka na yi da wasu 'yan kasuwar na gaskiya ban taɓa asarar ko kwabo ba.

Ni ce ma na nemi ya yi mini kiran bidiyo, kuma wannan kira shi ne ya hana ni barci. Ya juya wayar ya nuna mini kanta cike da kaya har rufi, ya zaro turmi ɗaya mai ruwan goro, ya warware shi a gabana, ya ce da wani yaro, "Kai, miƙo mini wancan leshin Hajiya ta gani," yaron kuwa ya miƙo. Ana cikin haka aka kira sallar la'asar, na ji kiran da kunnena, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, bari in yi salla in dawo." Wace mace ce za ta ga kanta cike da kaya, ta ga yaron shago, ta ji kiran salla, sannan ta ce ɗan damfara ne? Kafin wannan kiran ma, na riga na gwada shi da naira 120,000, kayan suka iso lafiya lau har da ƙarin ɗankwali biyu. Ashe tarko ne.

Da na zo tura manyan kuɗin sai ya ce asusunsa ya cika, ya ba ni wata lambar mai sunan wani daban, wai na ƙanensa ne mai riƙe masa lissafi. Na tambaya, ban yi shiru ba. Ya ce, "Haba Hajiya, mun zama ɗaya." Na tura naira 1,850,000 a kashi biyu, ya turo mini hoton dila a ɗaure da sunana a jiki. Daga nan sai ya ce mota ta lalace bayan Wudil, sai ya ce direba ya yar da waya, sai ya daina amsa saƙona gaba ɗaya.

Yayana ya je kasuwar da hoton da na ɗauka lokacin kiran, ya gano shagon. Mai shagon dattijo ne, ya rantse cewa bai san sunan ba, sai dai ya tuna wani da yake zuwa ya zauna kamar dillali, ya sayi turmi kaɗan, ya nemi izinin nuna wa kwastomarsa kaya a waya. Wato a shagon wani ya tsaya, yaron wani ya aika, ya karɓi kuɗina.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na je banki, aka ce an kwashe kuɗin zuwa wasu asusu tun ranar da suka shiga, kuma sai da takardar kotu za a yi mini bayani. To, ina amfanin lambar tantancewa ta banki (BVN) da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da aka sa muka yi ta bin layi dominsu, idan mutum zai haɗiye naira 1,850,000 ya ci gaba da tallarsa?

Kada ku tura kuɗi a asusun da sunansa ya saɓa da na mai kaya, kuma ku aika naku ya taka ƙafa ya ga shagon. Hotunan hirarmu da rasit biyu da muryoyinsa duk suna hannuna, zan fitar da su da zarar lauya ya ba ni dama. Jiya ma ɗaya daga cikin masu lefen ta aiko a tambaye ni akwatinta, bikin ɗanta bayan salla ne.