Night of the Living Dead: mutum bakwai a gida ɗaya, gawawwaki a bakin ƙofa

Ba a yi minti biyar da kunna fim ɗin ba ƙanena ya fara ƙorafi. "Yaya, wannan ai na zamanin kakanni ne, ko launi babu. Me zai ba mutum tsoro a nan?" Na ce ya yi haƙuri ya ba shi rabin awa, in bai kama shi ba sai mu canza. Bai sake ta da maganar canzawa ba. Tsawon fim ɗin minti 96 ne, kuma da ya ƙare shi da kansa ya ce in mayar masa da wurin ƙarshe, wai bai yarda da abin da idonsa ya gane masa ba.

Fim ɗin shi ne Night of the Living Dead na darakta George Romero, wanda aka fara haskawa a birnin Pittsburgh na Amurka ranar 1 ga Oktoba, 1968, labarin gawawwakin da suka tashi suna cin naman masu rai. Kallona na uku ke nan. Abin da ya sa na zauna rubutu a kansa shi ne irin hukuncin da nake ji daga bakin masu kallo na yanzu: wai gawawwakin ba sa gudu, wai jinin bai yi kama da jini ba, wai surutun cikinsa ya fi abin tsoron yawa. Akwai gaskiya a wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen nan, kuma zan zo kansu. Amma duk wanda ya tsaya a nan ya yanke cewa fim ɗin bai yi ba, a zaure ya tsaya, bai shiga cikin gidan ba. Zan kuma faɗi yadda labarin ya ƙare, don haka mai son ya gani da idonsa tukuna, ya dakata daga nan.

Labarin ba shi da rassa. Wata budurwa mai suna Barbra da ɗan'uwanta Johnny sun yi doguwar tafiya a mota zuwa wata makabarta a karkarar jihar Pennsylvania, don ziyarar kabarin mahaifinsu. Johnny yana ta mita, yana kuma tsokanarta don ya san tun tana ƙarama take tsoron wurin. Can nesa, tsakanin kaburbura, ga wani dogon mutum cikin kwat yana tahowa, yana ɗan tangaɗi kamar wanda ƙafa ke wa ciwo. Da sauran hasken rana a lokacin. In kai ne a wurin, gaishe shi za ka yi ka wuce abinka. Barbra ta zo gifta shi ke nan sai ya cafke ta. Johnny ya shiga kokawa da shi, kansa ya bugi dutsen kabari, bai ƙara motsi ba. Masu cewa gawawwakin fim ɗin nan duk sanyin jiki gare su, su sake kallon wannan na farkon: bin ta ya yi har mota, ya sunkuya ya ɗauki dutse ya fasa gilashin. Da ƙyar ta sha, ba ko takalmi a ƙafarta, ta faɗa wani gidan gona da babu kowa a ciki sai wata gawa da aka ci fuskarta a saman matakala. Nan wani baƙon mutum, Ben, ya iso a cikin a-kori-kura da man ta ya kusa ƙarewa. Daga nan har gari ya waye, kusan komai a gidan nan ya faru.

Dalilin zaman gida ɗaya kuwa, rashin kuɗi ne. Romero da abokansa tallace-tallacen talabijin suke shiryawa a Pittsburgh. Su goma suka haɗa dala 600 kowannensu suka fara, daga baya wasu suka zuba nasu, har jimillar abin da aka kashe ta kai kimanin dala 114,000. Gidan da suka yi aiki a ciki, kusa da garin Evans City, dama an shirya rushe shi, saboda haka suka fasa abin da suka ga dama. Wanda ya fito a matsayin Johnny, Russell Streiner, furodusan fim ɗin ne. Karl Hardman da Marilyn Eastman, da suka fito a miji da mata, su ne kuma suka yi wa gawawwakin kwalliya. Jinin da ake kushewa ruwan cakulan ne, naman da gawawwakin ke yagar ci kuma wani mai shagon nama daga cikin masu hannun jari ne ya bayar. A hoto mai launi da asirinsu ya tonu nan take. A baƙi da fari kuwa, ruwan cakulan ɗin nan baƙi wuluk yake fitowa, mai kauri, yana sheƙi a haɓar mutum. Kamarar ma a hannu aka riƙe ta a wurare da yawa, hoton yana karkacewa, sai ka ji kamar rahoton labarai kake kallo ba wasa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: an ƙiyasta fim ɗin ya kawo kusan dala miliyan 30 a faɗin duniya.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura ba: ko sau ɗaya ba a ambaci kalmar zombi a cikinsa ba. Kafin 1968, zombi a finafinai bawa ne da boka ya tayar yake juyawa, abin da aka ɗauko daga camfin mutanen Haiti. Gawar da ke tashi ba mai juya ta, ta ci naman mutum, wanda ta ciza ya mutu shi ma ya tashi, a kuma kashe ta da harbi a ka, duk daga wannan ɗan fim ɗin suka bazu. Dalilin tashin nasu ma ba a tsaya bayaninsa ba. Masana a talabijin suna gardama ko wani tururi ne daga kumbon da ya dawo daga duniyar Zuhura, aka bar maganar a haka.

Inda fim ɗin ya fi kama ni shi ne gardamar ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ben ya sha wahala shi kaɗai, ya ɓalle ƙofofin cikin gida, ya karya tebur, ya bi tagogi da guduma da ƙusa yana toshewa. Ya samo bindiga a wani lungu, ya kuma kawo wa Barbra takalmi, ita ko tana zaune kamar an dasa ta. Sai da ya gama duk wannan, ƙofar ɗakin ƙasa ta buɗe. Ashe mutum biyar ne ɓoye a ciki tun ɗazu: Harry Cooper da matarsa Helen da 'yarsu Karen da aka ciza, sai wani saurayi Tom da budurwarsa Judy. Sun ji ihun mace a sama, ba wanda ya leƙo. Harry ya ce kowa ya sauko ƙasa, ƙofa ɗaya ce, tsaronta ba wuya. Ben ya ce wannan ai kabari ne, in suka ɓalla ƙofar ta ina za a fita? A sama ga rediyo, ga talabijin, ga tagogin da za a ga abin da ke tahowa.

Kallon farko, ba wanda ba zai bi bayan Ben ba. Shi ne mai natsuwa, shi ne mai aiki. Harry kuwa matsoraci ne mai baƙar zuciya, gumi na tsatsafo masa a sanƙo, ko matarsa ba ta ganin girmansa. A kallo na biyu ne abin ya fara damuna. Shawarar Ben ce ta a fita a zuba wa mota mai a famfon da ke kusa da rumbun gidan. Man ya zube, wutar da suka riƙe don korar gawawwakin ta kama, motar ta tarwatse da Tom da Judy a ciki. Katakan da ya yi ta bugawa duk suka ɓalle. Kuma a ƙarshe ina Ben ya ɓuya ya kai safe? A ɗakin ƙasan nan da ya rantse ba zai shiga ba. To amma shi ma Harry bai ci gardamar ba, don ajalin matarsa, wato 'yarsu Karen da aka ciza, yana kwance a kan tebur a cikin ɗakin da yake kira mafaka. Har yau ban iya cewa ga mai gaskiya a cikinsu ba. Abin da na tabbatar shi ne gawawwakin nan ba su da wayo, ba su da ƙarfin a zo a gani, wuta suke tsoro. Da mutanen gidan sun ji maganar juna da wataƙila sun ga safiya. Sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga, har ta kai Ben ya harbe Harry da hannunsa a kan rigimar bindiga.

Wurin Karen kuwa, ko a karo na ukun nan sai da na kau da kai. Helen ta sauko ƙasa ta tarar da 'yarta a durƙushe kan gawar ubanta, baki duk jini. Ba ta gudu ba. Sunan yarinyar take kira, tana ja da baya a hankali, har ta faɗi. Yarinyar ta ciro cokalin magina daga jikin bango. Yawancin abin da ya biyo baya inuwa ce a bango da ƙarar uwar da aka murɗa ta zama wani irin amo mara daɗin ji. Ƙanena da ke ta maganar launi, a nan ya ajiye wayarsa. Kada a kuskura a kunna wa yara wannan fim. Ya fito ne wata guda kafin a fara tsarin tantance finafinai bisa shekaru a Amurka, yara suka yi ta shiga kallonsa da rana, har mai sharhin finafinai Roger Ebert ya rubuta yadda ya ga wata yarinya 'yar kimanin shekara tara zaune shiru a kujerarta tana hawaye.

Laifuffukansa ba ɓoyayyu ba ne. Barbra ta fara da ƙarfinta, sannan aka zaunar da ita a kujera fiye da rabin fim ɗin ba ta tsinana komai, kuma wannan asara ce, don 'yar wasan, Judith O'Dea, ta nuna za ta iya. Hirar soyayyar Tom da Judy ba ta da gishiri, kana ji ka san haddacewa suka yi. Kiɗan ba don fim ɗin aka yi shi ba, tsofaffin kaɗe-kaɗen haya ne aka jona, wani wuri ya dace, wani wuri ya cika kunne a banza. Akwai kuma inda za ka ga dare a gidan gona alhali rahoton talabijin na nuna rana tsaka. Tsakiyarsa tana da ja, musamman wajen buga katako.

Sai a kula da kwafin da za a kalla. Da farko sunan fim ɗin Night of the Flesh Eaters ne. Da kamfanin rarrabawa ya canza sunan, sai aka manta ba a mayar da alamar haƙƙin mallaka a jiki ba, kuma dokar Amurka ta lokacin ta ce in babu alamar, aikin ya zama na kowa. Shi ya sa waɗanda suka sha wahalar yinsa ba su ci moriyar kirki ba, shi ya sa kuma ya cika ko'ina a kwafe-kwafe masu dishi-dishi da ba ka rarrabe fuskar mutum da bango. Ina zargin rabin masu kushe shi irin waɗannan suka kalla. A nemi wanda gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya gyara a 2016, wanda kamfanin Criterion ya fitar a 2018. Wanda aka shafa wa launi daga baya kuma a bar shi inda aka gan shi.

Duane Jones, wanda ya fito a Ben, shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Baƙar fata ne, malami mai zurfin karatu, kuma a Amurkar 1968 ba ƙaramin abu ba ne a ga baƙar fata yana ba fararen fata umarni a majigi, yana naushin wanda ya kulle masa ƙofa. Romero ya sha faɗin cewa ba don launinsa aka ɗauke shi ba, shi ne dai ya fi kowa iyawa a wajen gwaji. Ya kuma sha ba da labarin cewa suna kan hanyar New York da fim ɗin a bayan mota, za su nemi mai saye, suka ji a rediyo an kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka. Ranar 4 ga Afrilu, 1968 ke nan.

Gari ya waye. Ben shi kaɗai ya rage cikin su bakwai. Daga ɗakin ƙasa ya jiyo haushin karnuka da ƙarar bindigogi, jami'an tsaro ne da 'yan sa-kai suke bin gonaki suna harbe gawawwaki. Ya hau sama a hankali, bindigarsa a hannu, ya matso kusa da taga don ya ga ko su wane ne. Daga can nesa wani ya hango motsi a cikin gidan, shugabansu ya ce ya auna tsakiyar goshi. Harbi ɗaya. Daga nan hoton ya daina motsi, sai hotuna a tsaye masu dishi-dishi kamar na tsohuwar jarida: ga mutane da ƙugiyoyin rataye nama, ga su suna jan gawarsa, ga ta a kan tulin itace kusa da mutumin nan mai kwat na makabarta. Sunayen 'yan wasa suna wucewa a kan hotunan, sannan aka cinna wuta.

Wurin da ƙanena ya ce in mayar masa ke nan. Ya matso da kujerarsa, ya ƙara sauti. So yake ya ji ko a cikin mutanen nan akwai wanda ya ɗaga murya ya tambaya ko da mai rai a gidan kafin a yi harbin. Muka saurara tare har sau biyu. Babu wanda ya tambaya.