Salansar da na ɗaura wa MT-07 ɗina: ƙara ta yi daɗi, amma shagon ya ci amanata

In da ƙara kawai ake dubawa wallahi da taurari biyar zan ba salansar nan ban ko yi tunani ba. Duk wanda ya hau mashin ɗin Yamaha MT-07 ya san yadda salansar kamfani take, injin 689cc mai silinda biyu amma in ka tayar da shi sai ka rantse keken ɗinki ne, ga shi injin nan yana da wata irin bugawa mai daɗi saboda yadda aka jera karanshaf ɗinsa a digiri 270, duk an toshe ta cikin wancan ƙaton akwatin da ke ƙarƙashin injin. Ranar da aka ɗaura sabuwar na tayar a bakin gareji sai da na yi dariya ni kaɗai. Murya mai kauri, ba tsiwa, ba irin ta yaran nan da ke hana mutane barci ba. Nauyi ma ya ragu, kana jin haka tun wajen turawa.

To amma ba saboda ƙara na zauna rubuta wannan ba. 'Yan uwa mazauna Jamus masu mashin, musamman mu na Hamburg da muke haɗuwa in bazara ta shigo, ku karanta har ƙarshe kafin ku tura kuɗinku.

Matsalar MT-07 ta farko ita ce salansarsa guda ɗaya ce tun daga bakin injin har ƙarshe, ba ta da gaɓar da za ka kwance bakin baya kawai ka sa wani kamar yadda ake yi wa wasu mashina. Kenan in za ka canja sai ka cire komai, har da indomin da ke tace hayaƙi domin a jikinta yake. Na san da haka sarai, shi ya sa ban je wajen masu arhar nan marasa lamba ba. Salansar Akrapovič da dilolin Yamaha suke sayarwa da kansu kun san kuɗinsa, ni dai aljihuna bai kai ba, sai na nemi matsakaiciya a wani shagon intanet da da yawanmu muke sayen kaya. A shafin an rubuta ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe cewa tana da lambar amincewar Turai, ta dace da Euro 5, ƙa'idar hayaƙi ta Turai, ba sai an shigar da ita cikin takardun mashin ba. Kaya suka iso, lambar amincewar nan mai harafin e tana jikin ƙarfen an buga ta, dibi-kila, ɗan bututun da ke rage ƙara, yana ciki an ɗaure shi, ga 'yar takarda. Wani yayanmu ɗan zangon Kumasi da ya daɗe yana aikin kanikanci a nan shi ya ɗaura min, ya mayar da sensar lambda mai auna iskar hayaƙi a mazauninta, muka tayar ba wata fitila da ta kama a mita. Na biya, na yi godiya, na yi ta hawa hankalina kwance.

Sai lokacin HU ya zo, wato binciken lafiyar abin hawa na dole. Mashin a ƙasar nan duk wata 24 ake kai shi, sabo ma haka, ba kamar mota ba da ake ɗaga wa sabuwa ƙafa har shekara uku. Nawa na 2023 ne, sai na ce bari in haɗa da sabis a wurin dilan da na saya tunda mai binciken yana zuwa can da kansa, jifa ɗaya kenan. Mutumin ya duba birki, taya, fitilu, sarƙa, duk lafiya, ya durƙusa ya karanta lambar jikin salansa ya gyaɗa kai. Sai ya zo gwajin hayaƙi, AUK ɗin nan, ya zura bututun na'urarsa a bakin salansa ya ɗan ɗaga totur. Na ga ya tsaya yana kallon allon. Ya zare ya sake zurawa. Daga nan ya ɗauko 'yar tocila ya leƙa ta gaɓar tsakiya ya tambaye ni ina Kat ɗin, wato indomin. Na ce yana ciki mana, ga lamba ga takarda. Ya karɓi takardar ya juya bayanta ya ɗora yatsa a kan wani layi ƙanƙane, amincewar tana aiki ne kawai in an haɗa da indomi mai lamba kaza, wanda ake sayarwa daban. Daban! Ba ya cikin kwalin, ba a ambace shi a shafin da na saya ba, ba a nuna min shi a wurin biya ba, alhali safar hannu da man sarƙa sai da suka yi ta tallata min kafin in danna.

Mashin mai indomi da sensa iyakar CO, iska mai guba da ke cikin hayaƙi, da aka yarda masa a gwajin nan 0.3 ne cikin ɗari, nawa ya wuce nesa ba kusa ba. Bai yi min faɗa ba gaskiya, dattijo ne mai sanyin magana, amma sitikar cin gwaji bai ba ni ba, ya rubuta babban aibi ya ce ina da wata ɗaya in gyara in dawo, in ya wuce sai a sake binciken daga farko da sabon kuɗi. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne bayanin da ya ƙara, cewa a dokarsu, sashe na 19 na StVZO mai kula da izinin ababen hawa, duk canjin da ya ƙara hayaƙi ko ƙara yana kashe izinin mashin ɗin na hawa titi gaba ɗaya. Wato duk yawon da na yi da shi har duwatsun Harz da dawowa, a idon doka mashin marar izini nake kai. Da 'yan sanda sun tare ni a irin shingen da suke kafa wa masu mashin ƙarshen mako, ko Allah ya kiyaye an yi haɗari inshora ta fara tone-tone, wa zan ce ya jawo min? Shagon intanet?

Ina tsaye da takardar a hannu sai ga shugaban garejin dilan, shi ma ya ji komai. Nan maganar garanti ta taso, kuma nan ne raina ya ɓaci na gaske domin na biya kuɗin ƙarin garanti tun ranar da na sayi mashin. Da yawanmu muna haɗa abu biyu ne a nan. Akwai Gewährleistung, ta doka ce, shekara biyu a wuyan wanda ya sayar maka, kuma tun Janairun 2022 wata 12 na farko shi ne zai kawo hujjar cewa ba da aibin ya sayar ba, bayan nan kai ne za ka kawo. Sai Garantie, wannan alkawarin kamfani ne na ganin dama kuma su suke rubuta sharuɗɗansu. Ya ce min salansar waje ba ta kashe garantin duka, in mita ta lalace ko famfon mai ya tsaya ba ruwan salansa, za su gyara. Amma duk abin da ya shafi bawul, fistin, sensa ko kwamfutar injin, tambayar farko da za a yi ita ce me aka canja, ga shi yanzu yana rubuce cewa injin ya yi tafiya ba indomi. Bai ce ba za su biya ba, bai kuma ce za su biya ba, kafaɗa kawai ya ɗaga. Injina lafiyarsa ƙalau alhamdulillahi, ko ɗigon mai ba ya yi, amma kuɗin da na biya don in kwana da kwanciyar hankali yanzu rabinsa ya zama na wataƙila.

Na kira yayan namu na ce yaya ka ga abin da ya faru, ya ce wallahi ƙanena ni ma na ɗauka a haɗe yake a ciki tunda ga lamba, irin waɗanda na saba ɗaurawa haka suke zuwa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Kuma mashin bai taimaka ba, nawa sensa ɗaya ce gaban indomi, babu abin da zai gaya wa kwamfuta cewa ba a tace komai. Sababbin da suka shigo ƙarƙashin Euro 5+, wanda ya hau kan duk sabon mashin daga 2025, dole kwamfutarsu ta riƙa sa ido kan indomin, waɗannan da tuni fitila ta tona asiri.

Na rubuta wa shagon. Amsar farko inji ne ya turo. Ta biyu wata ce ta ce kwana 14 na mayar da kaya sun wuce tuntuni kuma an riga an ɗaura, sannan bayanin yana cikin takardar da ke kwalin. Na ce to me ya sa ba ya shafin da mutum ke dubawa kafin ya biya, ai bayan kaya sun iso ba lokacin sanar da ni ba ne cewa rabin abu na saya. Sai ta turo min hanyar sayen indomin, a cikakken kuɗinsa, ko ragin Yuro ɗaya babu, da gaisuwar fatan alheri a ƙasa. Na saya don ba yadda zan yi, wata ɗaya na gudu. In ka haɗa kuɗinsa da na sake kwancewa da ɗaurawa da na komawa gwaji, abin da ya rage tsakanina da wadda na ce ta fi ƙarfina tun farko bai taka kara ya karya ba, ita kuwa dila ne zai ɗaura ya rubuta da hannunsa.

Yanzu da indomin a ciki ta wuce gwaji ba gardama, sitika na kan lamba. Ƙarar ta ɗan sauka, kaurin yana nan, kuma abin mamaki tafiyar cikin gari ta fi santsi, wannan fizgar da yake min a giya ta biyu in ina silo a go-sulo ta ragu sosai, tas-tas ɗin da yake yi in na saki totur ma ya kusa ɓacewa, duk da shi kam ina ɗan kewarsa. Ƙarfi kuwa kar wani ya ruɗe ku, ban ji wani doki ya ƙaru ba, kunne ne kawai ke gaya wa mutum yana gudu. Walda mai kyau ce, ƙarfen ya yi launin zinariya wajen bakin injin wanda ni yana burge ni. Sai na ce salansar kanta ba ta da laifi, a ba ta huɗu.

Amma kuma da na tuna maƙalar da ke riƙe ta ta baya sai da muka ƙara mata washa biyu kafin ta zauna daidai, kuma sifirin ɗin gaɓar guda ya fara tsatsa tun hunturun farko alhali ba na hawa in an zuba gishiri a titi, sai in ga huɗun ma ta yi yawa. Uku. Shagon kuwa ɗaya, ita ma don ba a iya ba da sifili.

Masu shirin zuwa Ostiriya da bazara ku duba layin U.1 a takardar mashin ɗinku, inda aka rubuta ƙararsa a tsaye, domin a jihar Tirol tun 2020 akwai hanyoyin da suka hana duk mashin da ƙararsa a tsaye ta haura 95 dB, wajen Reutte da Imst, kuma ku bar dibi-kila a inda yake. Ta kamfanin nan ma kar ku yi gaggawar sayarwa a Kleinanzeigen, shafin sayar da kayan hannu, tawa tana keller, ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, na naɗe ta da tsohon bargo, da na sayar da ita da ranar nan ban da abin da zan koma kai. Jiya na sake leƙa shafin shagon, har yanzu rubutun nan na Euro 5 yana nan da manyan baƙaƙe, indomi ko a hoto babu.